Wayar Cikin Jiki

Shekara goma sha tara ina hawan turakun lantarki.
Daga Bagalam har Zariya
babu layin da ban yi lilo a samansa ba,
ƙugiya a ƙafa, filaya a baki,
ina kallon rufin kwanon mutane da tantabarunsu.
In wuta ta ɗauke, ni ake zagi.
In ta dawo, yara su yi sowa,
ba mai tuna Nomau.

Wata Laraba ɗamara ta tsinke.
Masu kallo sun ce ban faɗo da nisa ba,
amma kafaɗar dama ta yi yaji,
wata bakwai ko ludayi sai da hagu.

Cima, ƙanwata, ta ja ni asibiti, ɗakin can na ƙurya,
wurin wata likita ƴar Sin, gajera mai furfura,
Hausarta uku: sannu, kwanta, kaɗan-kaɗan.
Ciwo yana kafaɗa, ta kafa allura a ƙwauri.
Na ce da tafinta: gaya mata ta yi ɓatan kai.
Kafin ya juya maganar
wani tsirrr ya bi cinya, ya haura haƙarƙari,
irin wanda jiƙaƙƙen hannu ya sani.
Sai na kama bakina.
Ni ma ai na sha gyara duhun Mokoyo
daga akwatin da ke bakin tasha.

Ranar da na ajiye aiki
shugabanmu ya ce: fansho fa ya kusa,
wa ke sauka daga jaki don ya koyi hawan iska?
Habsu ba ta ce komai ba.
Ta ƙirga buhun hatsi, ta ƙirga yara,
ta sake ƙirga buhun.
Na sayar da babur.

Shekara uku ina zaune cikin sa'o'in ɗana,
ina haddace gurabe ɗari uku da ƴan kai,
ina soka sabulu, ina soka lemo,
daga baya cinyata.
Har ranar da malama ta fito da ƴan kofunan gilashi,
ta zura wuta, ta kifa a bayan wani,
fata ta taso kamar ƙullin fanke.
Dariya ta kama ni har da hawaye.
Ba su gane ba. Ina za su gane?
Ubana wanzami ne.
Zabirarsa na guda na shiga lakwal,
don kada a ce da ni ɗan ƙaho.

Yanzu ga shagona, tsakanin mai faci da mai niƙa.
Wasu su leƙo su ce: allura ba ruwa a ciki,
kuɗin me za mu biya?
Direbobin Dan Isa su kawo ƙugu,
masu dakan ƙuliƙuli su kawo wuyan hannu.
Akwai wadda ta zo da ƙulli a ƙirji,
na ce: Inna, wannan ba layina ba ne,
na rubuta takarda, na tsayar mata da kabu-kabu.
Wanda ya taɓa faɗowa ya san iyakar tsaninsa.

Jiya Baba Tsahiru ya zo, jika na jan sandarsa.
Ya laluba kofin, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da farce.
Ya ce: ƙaho ne, saniyar ce kawai babu.
Ka sayar da babur ka sayo abin da ke rataye a zaurenmu.
Ya daɗe yana juya shi.
Sannan ya naɗe wando, ya miƙo gwiwa.

Ina riƙe da wuyan hannunsa, yatsa uku,
wuta ta ɗauke.
Na ji mai niƙa yana zagin wani da ban sani ba.
Ban tashi neman fitila ba.
Ƙarƙashin yatsuna layin na tafiya,
a hankali, da ɗan ɗingishi,
yana tafiya.