Kilo Ashirin da Uku

Saura kwana uku. Akwatina a buɗe
a tsakar ɗakin Goggo Dije,
ita tana bakin gado kamar mai gadin rumbu.
Jiya ta cusa daddawa, yau kuka,
ɗazu yajin da ta daka har tana atishawa.
Na ce, "Goggo, jirgi fa yana da ma'auni."
Ta ce, "Shi jirgin ba shi da dangi ne?"

Wata biyu ke nan ina Nafada.
Na zo da suna ɗaya tak a bakina, Buba Sanda,
wanda ya fita da jaki da allo da gora,
ya ce hajji zai yi, ya dawo kafin kaka.
Ya tsaya a Gadarif neman guzuri,
guzuri ya zama gona,
gona ta zama mu.
Kaka ta zo ta wuce, shi ya zama kaka.

A can Takari ake ce mana.
A nan yara na bina, "Ga Balaraben Goggo!"
Hausata tana ba su dariya,
wai irin ta mutanen da ce,
ga facin Larabci ko'ina kamar rigar manomi.
Ban ji haushi ba.
Daren jiya na yi mafarki, kuma da irin tasu na yi.

Saura biyu. Baffa Tukur ya ja ni bakin Gongola,
ya nuna da sanda inda zauren yake a da.
Shagon cajin waya ne yanzu,
wani saurayi na gyangyaɗi a kan benci.
Tsamiyar ce kawai ba ta tafi ko'ina ba.
Na tsinci uku na sa a aljihu,
ban gaya wa kowa ba.

Da la'asar uwargida ta kira,
murya na zuwa tana yankewa:
ruwa ya sauka, riɗi na neman hannu,
ƙaramarmu ta fid da haƙori.
Na ce ina nan tafe gida.
Goggo na tankaɗe a bayana,
na ji rariya ta tsaya.

Saura ɗaya. Na kai akwati sikelin mai wake.
Talatin da ɗaya, in ji shi, ko da rangwame.
Na dawo na zazzage.
Na cire jallabiya biyu, takalmin Juma'a,
rawanin da na zo da shi don a san daga ina nake.
Daddawa ta zauna. Kuka ta zauna.
Baffa ya gwada jallabiyar, tana jan ƙasa,
ya ce daidai.

Yanzu asuba. Motar Gombe na ɗumi a ƙofa,
direba ya danna oda sau biyu.
Maƙwabta na cewa Allah ya kai ka gida,
wasu na cewa Allah ya maido ka gida,
na amsa duka da amin ɗaya.

Goggo ta riƙe hannun rigata.
"Sai yaushe?"
Na buɗe baki, kaka na kan harshena.
Ta sa tafinta mai ƙamshin yaji ta rufe shi.
"Kul," ta ce. "Haka ya ce wa uwata.
Kai dai tafi, kada ka sa rana."