Taku Arba'in

Shekara goma sha tara makullin yana aljihuna.
Filin bai fi gonar gwauro ba,
arewa da Daura, bayan tsohuwar rijiya,
waya layi uku, da allon da rana ta koɗar:
An hana sara. An hana kiwo. An hana wuta.
Ba wanda ya tuna ya rubuta an hana katafila.

Na san su kamar yadda liman ya san sahunsa.
Hano bakwai masu saɓar fata,
tsada a gindin suri,
taura biyu da ba sa yarda su haihu shekara ɗaya,
sai uwar magunguna,
wadda in ka taɓa saiwarta, ƙamshi ya raka ka har gida.
Na taka daga nan har Kongolam
ban ga 'yar'uwarta ba.

Ran Laraba na tafi jana'iza Sandamu.
Kwana ɗaya tak.
Na baro kabari, na tarar da kabari,
wannan dogo ne, ba wanda ya yi masa salla.
Waya a ƙasa kamar igiyar shanya,
rami ya ratsa filin daga ƙirji zuwa baya,
baƙin bututu kwance a gefe yana jira.

Injiniya Mannir ya shimfiɗa takarda a kan motarsa,
ya bi jan layi da farce.
Ya ce, "Baba, a nan an rubuta fili."
Na ce, "Da kun kauce yamma taku arba'in."
Ya ce taku arba'in bututu shida ne,
kwana biyu ne, kuma ba shi ya yanka kuɗin ba.
Bai ɗaga mini murya ba.
Har ruwan leda ya miƙo mini, na karɓa.

Mai tuƙa katafilar Sallau ne, ɗan ƙanwata.
Da ɓawon hanon nan aka dafa wa uwarsa ruwan jego.
Ya sauko yana murza tsumma, idonsa a takalmi.
Ya ce, "Kawu, wata huɗu ban yi aiki ba."
To, me zan ce?

Goggo Tabawa ungozoma ta zo da ƙwarya.
Ba kuka, ba zagi.
Tana tsintar saiwa cikin jar ƙasa tana karkaɗewa,
ta ce, "Mu in mun tona, rabi muke ɗauka,
mu mai da ƙasa, mu ce a yi haƙuri."

Na rubuta wa ofis da hannuna.
Bayan mako uku suka zo da igiyar awo,
suka auna abin da babu,
suka kafa sabon allo, ya fi na da girma.
Hano uku da suka tsira suna shan inuwarsa.

Ruwa kuwa ya zo.
Ba zan yi ƙarya don in ji daɗin fushina ba.
Jikata Hansatu ta daina tashi kafin assalatu,
kanta ya huta da gammo,
tana isa aji kafin a kaɗa ƙararrawa.
Na tara hannu a bakin famfo na sha.
Da sanyi. Da daɗi.
Ta cikin gidan uwar magunguna ya biyo ya same ni,
na sha, na ce alhamdu lillahi,
maƙogwarona bai tambaye ni komai ba.

Guntayen da Goggo ta rage mini
na dasa a gwangwanin madara goma sha ɗaya,
a bayan ɗaki, inda akuya ba ta kaiwa.
Da ruwan famfon nake ba su.
Sallau yakan zo da dare, ya ɗauka ban sani ba,
da safe in tarar da ƙasar a jiƙe.

Goma sun bushe.
Ɗaya ya fito da ganye biyu, ƙanana kamar kunnen ɓera.
Ko ita ce, ko ciyawa ce ta sami wuri,
saiwa kaɗai za ta faɗa,
ni kuwa ba zan tona ba.

Makullin yana aljihuna.