Zirin Jar Ƙasa

Shekara ashirin da uku ina faci a Ƙofar Marusa,
gindin bedi, da bokitin ruwa da famfo da gam.
Daga kukan sarƙa nake gane ƙishin mai,
daga karkatar wili nake gane wanda ya sha ƙasa.

Jiya Mannir ya zo, ɗan shekara goma sha ɗaya,
ba bisa keke ba, keken ne bisa kafaɗarsa.
Wilin gaba ya naɗe kamar faifan da aka taka,
gwiwa na tsattsafar jini.
Ɗan kurkura ne ya matse shi a shataletale,
bai tsaya ba, fasinja na sauri.
Na ce, "Me ya kai ka titi?"
Ya ce, "Baba Haƙilu, to ina zan je?"

Na buɗe baki, babu amsa a ciki.
Na sunkuya na ɗauki sifana.

A zamaninmu bayan ganuwa duk namu ne.
Mu gangara kwari, mu haye tudu,
ƙaya ta huda taya, mu turo da magariba,
ƙarangiya cike da ƙafar wando.
Yau wurin shaguna ne da gidan mai,
kowane taku da takardarsa da mai shi.

Saura lambun shaƙatawa.
Na leƙa ran Juma'a da la'asar:
ciyawa an aske ta kamar kan ango,
ga benci, ga lilo, ga masu ɗaukar hoto,
ga allo a ƙofa da jan fenti:
BA A SHIGA DA KEKE.
Bakwai na ƙirga jingine a waje
kamar awakin da aka ɗaure ranar kasuwa.

Ku da ke riƙe da makullin wurin,
ba kwalta muke roƙo ba, kwalta ce ke cin mu.
Zirin ƙasa kawai, faɗin kamu huɗu,
ya bi gindin katanga inda ake jibge busasshen ganye,
ya kewaye tsamiya, ya hau ɗan tudun nan,
ya gangaro, ya sha kwana.
A zuba marmara, a daɓe, a bar shi ja.

Na san abin da za ku ce.
Gwaggo Yalwa na tattaki, likita ya sa ta,
kada yaro ya kwashe mata ƙafa.
Gaskiya ne, uwar wani ce.
To a jera duwatsu, a shafa musu farar ƙasa,
nata daban, nasu daban.
Guga biyu kan shiga rijiya ɗaya
in masu ja sun san hannu.
Ƙararrawa kuwa na ɗauka, kyauta zan ɗaura wa kowa.
Kuɗin aiki? Muna da baro, muna da shebur,
gayyar Asabar biyu ta ishe mu.

Kada ku ce cinikina nake karewa.
Lanƙwasasshen wili ya fi faci kawo kuɗi,
amma na gaji da kuɗin da ke zuwa da jini a sirdi.
Ku ba ni ƙaya, ku ba ni tsinkewar sarƙa,
ku ba ni yaron da ya faɗi a ƙasa mai taushi
ya tashi yana kakkaɓe riga yana dariya.

Ga Murja, ƙanwar Mannir,
a tsakar gida ta koyi keke, bango zuwa bango,
tuƙi shida ta juya, tuƙi shida ta juya.
Ba ta san yadda iska ke cika hijabi a gangara ba.

Na miƙe wilin, na ɗaure wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya.
Ya juya, da 'yar rawar da ba za ta fita ba.
Mannir ya kama kan keken,
ya dubi titi, ya dube ni.
Na ce, "Tura shi gida. Kada ka hau."

Shekara ashirin da uku ina gyaran keke,
bakina bai taɓa ɗaci irin na jiya ba.