Ƙullun Gwaggo Tabawa

An ɗauke wuta a Rafindadi,
sai sama ta baje kolinta a kan Katsina.
Na hau soro da takardun jarrabawar yara,
ban duba ko ɗaya ba.

A tsakar gida Gwaggo Tabawa ta gama dama ƙullun waina,
ta rufe ƙwarya da faifai.
"Malam, mi kake ƙirgawa?"
Na ce, abin da ba a gani.
Ta ce, "To, haɗa da bashin da nake bi."

Gwaggo, duk abin da haske ya sani,
taurari, ni da ke da tandarki,
bai wuce biyar cikin ɗari ba.
Saura duhu ne iri biyu, ba sa ga-maciji.

Ɗaya nauyi ne marar fuska.
Ba haske, ba inuwa,
amma shi ya haƙa kwari tun duniya na jaririya,
iskar farko ta gangara, ta taru, ta kama da wuta.
Taurari suka kafa ruga,
rugage suka jeru bisa zarensa,
tsakani kuwa dawa ce wayam.

Ɗayan ba ya jan kowa.
Fili kawai yake ƙarawa,
kamar yis ɗinki cikin dare:
ba ƙwayar shinkafar da ta ɗaga ƙafa,
amma da asuba kowace ta yi wa 'yar'uwarta nisa.

Da fari nauyi ke cin kasuwa.
Da wuri ya faɗaɗa ya tsinke
kamar kunun da aka cika wa ruwa,
sai mai turawa ya karɓi ragama.
Yanzu da wuya sabuwar ruga ta kafu.

Ta goge hannu da gefen zane.
"Dikko na Fatakwal. Kulu na Maraɗi.
Nadabo shekara huɗu, ko waya.
Kuma ba wanda ya yi faɗa da wani."

Na ce, lissafi ya nuna
abin da ya riga ya ɗauru ba ya kwancewa.
Fili na kumbura ne a kewaye,
ba ya shiga cikin gida.

"Wa ya ɗaure?"

Na dubi ɗakin Baba,
rufe tun ranar da aka kai shi,
wanda har yau muke rage murya in za mu gifta,
har jikokin da ba su san shi ba.

Ta ɗaga faifai, ta leƙa.
"Ya fara tashi. Sauko ka kwanta,
kai za ka hura mini wuta da asuba."