Ciwon da Ke Jin Kunyar Likita

Sau uku Herminia ta kawo mini ita,
sau uku motar ta ƙaryata ta.
A garejina sai ta yi gurnani kamar sabuwa,
ba tari, ba gargada,
lafiya lau kamar mai jiran biki.

Amma a hawan Cerro Barón, da asuba,
kwandunan kifi shaƙe a baya,
sai fitila ta ƙifta ido,
rediyo ya haɗiye sauran maganarsa,
inji ya yi tsit.
Ta ja birkin hannu, ta ƙirga ashirin,
ta murɗa makulli, ya tashi,
kamar ba shi ne ya mutu yanzu ba.

Kafin ni wasu sun sa hannu.
Wannan ya ce fulogi ne, aka sa sababbi.
Wancan ya rantse famfon mai ne, aka sauke tanki.
Cinikin wata biyu ya tafi a kan zato,
ɓarawo kuwa na cikin gida yana dariya.

Na ce mata, gobe ki biyo ta nan.
Ciwon da ba ya zuwa wurinka, kai za ka je wurinsa.

Ƙarfe biyar, hazon teku ya rufe Valparaíso.
Na zauna kusa da ita, mita a cinyata,
waya ɗaya a wuyan batir, ɗaya a jikin inji,
Fermín yarona a baya, yana toshe hanci.
Gangara, lafiya. Bakin tashar jirage, lafiya.
Sai kwanar hagu, inda duwatsun hanya suka yi haƙora:
inji ya karkata ƙiris,
allurar mita ta zabura,
duhu ya faɗo mana.

Na ce, kar ki taɓa makulli.
Bar shi a mace, yanzu ne zai yi magana.

Na cusa hannu ƙarƙashin mazaunin batir,
inda ido bai taɓa kai ziyara ba.
Ga ta nan, wayar da ke mayar da wuta gida,
kitsonta ya warware,
gishirin teku ya mai da ita koriya shar,
zare uku kacal suka rage suna riƙe da amana.
In hanya ta yi laushi, su taɓa.
In ta yi tsauri, su saki.

Sifana mai lamba goma, samfefa, ɗan giris.
Sabuwar waya, tsawonta bai kai kamu ɗaya ba.

Da na faɗi kuɗin, sai ranta ya ɓaci.
Wannan ɗan abin? ta ce. Wannan?
Ta fi son a ce babban abu ne ya wahalar da ita.
Ta biya, ta ƙara da kifi biyu a tsohuwar jarida.

Ban ce mata an gama ba.
Irin wannan ciwo ba ya yin sallama,
shirunsa kawai ake ƙirgawa.
Yau kwana goma sha ɗaya
ina farkawa kafin agogo,
in kasa kunne wajen kwanar hagu,
sai na ji hon ɗinta sau biyu daga saman tudu
kafin in ɗora ruwan shayi.