Saƙon da Ba Ya Cikin Waya

Ranar Talata, ana yayyafi a Valparaíso,
Don Baldomero ya shigo shagona, hularsa tana ɗiga,
ya ajiye waya kan gilashi a hankali
kamar mai ajiye ƙwai.
Shekara talatin yana karɓar kuɗin hawa
a tsohon keken ƙarfen da ke jan mutane zuwa kan dutse;
ba wanda bai taɓa zuba masa tsaba a tafi ba.

Ya ce, "Yarinya, kamfanin nan ya ishe ni.
Ba sabis a ɗakina sai na leƙa kai ta taga,
amma takardar kuɗinsu ba ta taɓa ɓatan hanya ba.
Canza mini layi. Sai dai ki bar mini kayana."

Na ce lambarka za ta bi ka kamar inuwa.
Na kwashe sunaye ɗari da tara daga tsohon kati,
har da mai gas, da likitan haƙorin da ya rasu bara.
Hotuna suna memori, ba mai taɓa su:
kare mai ƙafa uku, jiragen ruwa, jiragen ruwa,
da babban yatsansa a kusurwar kowanne.

Na ɗauki allura zan ciro sim,
sai ya dafe mini hannu.
"Muryar fa?"

Wani saƙo ne da aka bar masa shekara shida ke nan.
Duk wata sai ya saurara, ya danna a sake ajiyewa,
don kada na'ura ta share.
Na ce, "Baba, wannan ba ya cikin waya,
ba ya cikin kati.
Yana can rumbun kamfanin da za ka bari.
Ka fita, su rufe ƙofa da shi a ciki."

Ya yi shiru har na ji ruwa yana bin indararo.

Na ce buɗe lasifika.
Na kwantar da wayata kusa da tasa, baki da baki,
na roƙi mai sayen caja ya ɗan dakata da magana.
Sai ga mace, muryarta da kaushi, tana sauri:

"Baldo, rufin ɗakin Mama yana yoyo.
In za ka zo ka taho da ƙusoshi, masu tsawo.
Kuma ka riƙa shan maganinka, mai taurin kai."

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Shi ke nan.
Da muka sake ji daga wayata,
ga ƙahon jirgi ya shiga tsakanin ƙusoshi da magani,
ga tarin mai caja can a ƙarshe.
Na ce mu sake ɗauka. Ya ce a'a, bar shi haka.

Na sassauta murya na yi masa ta'aziyya.
Ya dube ni ta saman tabarau.
"Wa ya ce ta mutu? Hortensia tana Ancud,
lafiyarta lau, ta fi ni ƙarfi.
Gidan muka yi faɗa a kai. Ban je ba."

Magana ta zo mini har leɓe,
cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar,
na haɗiye. Sim nake sayarwa.
Na dai nuna masa sabon layi ya kama, sanda huɗu cur,
kuma sunanta yana nan, tsakanin Horacio da Hugo mai kifi.

Ya biya da tsaba, ya ƙirga sau biyu.
Na hango shi a ƙarƙashin rumfar kantin burodi,
waya a tafi, yatsa a sama,
har bas ta tsaya tsakaninmu.
Da ta wuce, babu shi.

Kwafin yana wayata, na manta ban goge ba.
Ko kuwa ban manta ba.
Duk daren da ruwa ya kece a kan kwanon gidanmu
sai in tuna da wani ɗaki a Ancud da ban taɓa gani ba,
in ce ko an kai ƙusoshin.