Ƙofar da Ke Cikin Waya

Shekara ashirin da uku ina walda a Panteka,
idona ya sha tartsatsi har rana ba ta ba shi tsoro.
Talla ɗaya na sani:
ka yi ƙofa, ta tsaya da ƙafarta,
maƙwabci ya leƙo ya ce, wa ya yi maka?

Sai Nafi'u ɗan ƙanwata ya gama makaranta,
ya zauna kan bencina yana shafa gilashi da yatsa.
Ya ce, Kawu, kasuwa ta yi ƙaura,
wanda ba ya cikin waya
ko yana numfashi an yi sadakar ukunsa.

Ya buɗe mini shafi.
Ya zuba ƙofofi masu ruwan zinare,
a jikin gidajen da itatuwansu ba su san ƙasarmu ba,
wata ma da ƙanƙara fara fat a gindinta.
Kwana biyu, mabiya dubu tara.
Na ce, 'ya'yan wane ne?
Ya ce, saye ake yi, Kawu, mudu-mudu kamar gyaɗa.
Mutum dubu tara a ƙofar shagona,
babu wanda ya ce ina kwana.

Ran Laraba Madam Talatu ta taso daga Barnawa,
ta sha cunkoson gada a cikin keke,
ta sauko tana kakkaɓe zane.
Ta ɗaga wayarta kusa da ƙarfena,
ta dubi wannan, ta dubi wancan.
Ina wannan take?
Na ce za a iya yi.
Ta ce, ban tambaye ka abin da za a iya ba.
Hannuna ta kalla, tabon ƙuna da baƙin mai,
ta ce, da naka ka nuna mini, da na saya.
Yanzu ko tef ɗin awonka ban yarda da shi ba.

Da daddare ta rubuta a ƙarƙashin hoton.
Layi uku. Babu zagi.
Da ma ta zage ni, da na yi barci.

Nafi'u ya ce minti ɗaya, in goge.
Na riƙe masa hannu.
Na ce, ita ta faɗi gaskiya, mu muka ari riga,
goge zinaren, bar maganarta.

Muka hau babur zuwa Hayin Banki,
muka ɗauki ƙofar Malam Tukur, aikina na shekara bakwai,
fenti ya koɗe, akuya ta shigo hoton,
igiyar shanya ta ratsa ta sama.
Yaron ya ce wannan abin kunya ne.
Na ce, sa.

Wani daga Rigasa ya rubuto,
ƙofar da na yi masa tana kuka kamar amalanke,
tana tashin jaririnsa kowace asuba.
A gaban kowa ya faɗa, a gaban kowa na amsa:
gobe bayan azahar.
Na je. Hinji ne ya ci ƙasa.
Ban karɓi ko kuɗin mai ba,
shi ma bai yabe ni ba,
ya dai rubuta: ya zo.

Ya zo.
Kalma biyun nan sun fi dubu taran nan nauyi a sikeli.

Yau mabiyana ɗari uku da sha ɗaya,
na san muryar wajen arba'in,
akwai mai bina bashin tagar da na yi jinkiri,
shi ma yana nan, yana tuna mini duk Juma'a.

Madam Talatu ba ta dawo ba.
An ce a Kakuri ta yi ƙofarta, Allah ya sa ta yi ƙarko.
Layinta uku suna nan inda ta bar su,
Nafi'u ya daina tambayata a kansu.
Da safe, kafin in ja injin,
kafin in sa baƙin tabarau,
nakan ce ya karanta mini.